Gurasa a Ƙasar Hatsi: Tsokaci kan Fassarar Babi na 6 na Bisharar Yahaya zuwa Hausa

1. Gabatarwa

Littafi Mai Tsarki na Kirista yana cikin littattafan da aka fi daɗewa ana fassarawa zuwa Hausa, amma kuma yana cikin waɗanda masu nazarin harshe da adabi na ƙasarmu suka fi yi wa kallon nesa. Dalilin a fili yake. Bisa ƙidayar jama'a ta 2012, Kirista ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba, saboda haka akan ɗauka cewa matanin nasu ne su kaɗai. Mu kuwa muna ganin cewa duk rubutun da aka yi da Hausa, ake kuma karanta shi da babbar murya kowane mako a Maraɗi da Tsibiri da Galmi da Damagaram da Yamai, ya cancanci a auna shi da ma'aunin da ake auna sauran rubuce-rubuce.

A cikin wannan maƙala mun ɗauki babi guda ne kawai, wato babi na 6 na Bisharar Yahaya, inda koyarwar Kirista game da abincin ruhu da rai madawwami ta hanyar bangaskiya ta fi fitowa sarai. A nan ne Yesu ya siffanta kansa da abin da ake ci a rayu. Ba nufinmu ba ne mu yanke hukunci a kan aƙida, wannan aikin malaman addini ne. Tambayarmu ta harshe ce: idan manomin hatsi ya ji kalmar «gurasa» a wannan babi, shin abin da ya ji shi ne abin da masu sauraro na farko suka ji? Amsar da za mu kare ita ce a'a. Kalmar ta tsare labarin, amma ta zubar da nauyin siffantawar, domin ta mai da abin tilas ya koma abin marmari. Za mu kuma nuna cewa maganin wannan matsala bai kai sauƙin da ake zato ba.

2. Matanin da muke magana a kai

Fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tana da tushe a wannan gefe namu tun daga farko. J. F. Schön, wanda ya fara buga sassan littafin da Hausa daga 1857, ya yi aiki a Ingila tare da Dorugu, yaro ɗan ƙasar Damagaram da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. Cikakken littafin ya fito a 1932, kuma babban mai aikinsa shi ne Dokta Walter Miller na Zariya. Daga baya aka yi sabuwar fassara, wadda ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ta fitar da tambarin 1979. Ita ce muka dogara a kanta a wannan nazari.

Ta hannun ƴan mishan na SIM, waɗanda suka zauna a Damagaram daga 1924, sannan Tsibiri, sannan Galmi inda suka buɗe asibiti a 1950, waɗannan fassarori suka shigo kudancin Nijar. Ya kamata mu lura da cewa an yi su ne da Hausar gabas, irin ta Kano da Zariya, kuma masu yin su sun zo wa matanin ta hanyar Girkanci da Ingilishi. Mai karatu ɗan Nijar da ya yi lakwal yana da wani madubi na uku, wato Faransanci, inda kalmar ita ce «pain». Ke nan kalma guda ta Girkanci, «artos», tana isowa kunnen ɗan Gobir ko ɗan Adar ta ƙofofi biyu, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ta bi ta gaban rumbu.

3. Zubin babin

Kafin mu taɓa kalmar, bari mu dubi yadda aka gina babin, domin nauyin kalma yana ga wurin da aka aza ta. Babin yana da ayoyi 71, kuma ana iya kasa shi gida huɗu.

Kashi na farko, daga aya ta 1 zuwa ta 15, labari ne. Taro ya bi Yesu zuwa hayin tekun Galili, Idin Ƙetarewa ya kusa, babu abinci. Filibus ya yi lissafi ya ga ko dinari 200 ba za su wadatar ba, dinari kuwa ladan ƙodagon yini guda ne. Wani yaro yana da gurasa 5 na sha'ir da kifi 2. Da su aka ciyar da maza wajen 5,000, aka kuma tattara ragowa cike da kwanduna 12. Mutane suka so su naɗa shi sarki da ƙarfi, sai ya janye zuwa kan dutse. Kashi na biyu shi ne ƙetare teku da dare. Kashi na uku, daga aya ta 22 zuwa ta 59, muhawara ce a Kafarnahum, inda aka tashi daga gurasar da aka ci jiya, aka bi ta kan manna da Isra'ilawa suka ci a jeji zamanin Annabi Musa, aka sauka a kan Yesu kansa. Kashi na huɗu shi ne sakamako: da yawa daga almajirai suka ga maganar ta yi musu tsauri suka juya baya, Bitrus da ƴan'uwansa suka tsaya.

Peder Borgen ya nuna a 1965 cewa kashi na uku yana bin tsarin wa'azin majami'ar Yahudawa, inda akan ɗauko nassi guda a riƙa juya kalmominsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya saba zama wurin tafsiri ba zai ga baƙon abu a nan ba. Abin da ya ɗaure kasusuwan huɗu wuri guda shi ne maimaita kalma. «Artos» ta fito sau 21 a cikin wannan babi, alhali a duk Bisharar sau 24 kawai ta fito. Ita ce igiyar da aka ja mai sauraro da ita daga ciki zuwa zuciya. Duk mai fassarar da ya tsinke wannan igiya ya rushe ginin. Masu fassarar 1979 sun gane haka, suka riƙe «gurasa» daga labarin har cikin muhawarar, suka bar «abinci» ga wata kalmar dabam, «brosis», wadda ke aya ta 27. Ta wannan fuska aikinsu ya yi daidai, kuma muna yaba shi.

4. Gurasa can, gurasa nan

Matsalar tana ga matsayin abin a rayuwar mutane. A ƙasar Falasɗinu ta ƙarni na farko, gurasa ita ce cimar yau da kullum, ta mai kuɗi da ta talaka, safe da maraice. Wanda ya rasa ta ya rasa kome. Bugu da ƙari, Yahaya shi kaɗai ne cikin masu Bishara huɗu ya ambaci cewa ta sha'ir ce. Sha'ir kuwa hatsin talaka ne. A littafin Sarakuna na Biyu, babi na 7, farashinsa rabin na alkama ne, a Wahayin Yahaya, babi na 6, sulusi ne. Shi ake fara girbewa a daidai lokacin Idin Ƙetarewa, kafin alkama ta nuna. Har ila yau, ambatonsa yana tuna wa mai sauraro Annabi Elisha, wanda ya ciyar da mutum 100 da gurasar sha'ir 20. Ke nan abin da Yesu ya siffanta kansa da shi, shi ne mafi arahar abinci kuma mafi zama dole a cikin gidan talaka.

To, mu dawo gida. «Gurasa» kalmar aro ce daga Larabci, kuma abin da take nufi a wajen Bahaushe shi ne faifan ƙullun alkama da ake gasawa a tanderu, wanda ya fi suna a birnin Kano, ake cin sa da tsire ko da ƙuli-ƙuli da mai. Alkama ba baƙuwa ba ce ƙwarai, ana noma ta kaɗan a fadamun rani da garake, ana yin alkaki da taliya da funkaso da ita. Sai dai dukansu abincin biki ne, ko na salla, ko na tarbar baƙo. Babu magidancin da ke kwana da tunanin gurasa a watan bakwai na damana, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba. Abin da ke hana shi barci dami ne da tiya. Sha'ir kuma, ga mafi yawan mutane, suna ne da ake ji a karatun zakka da fidda-kai, ba a taɓa ganin sa a gona ba. Saboda haka kalmar da ta kamata ta ce «na talaka» ta koma tana cewa «na Larabawa».

A bakin waɗansu masu wa'azi, musamman a birane, ana jin «burodi» a madadin «gurasa», wataƙila don ya fi kusa da «pain». Gaskiya ne burodi ya yaɗu, babu tashar motar da ba ta da teburin mai shayi. Amma a ganinmu wannan canji ya ƙara nisa ne. Burodi da kuɗi ake sayen sa, da garin da mafi yawansa daga waje ake shigowa da shi, kuma mutumin karkara da ya karya da burodi da shayi yana iya ce maka da rana bai ci kome ba tun safe. Gurasa aƙalla tana da ƙamshin daɗewa da na gabas. Burodi ƙamshin kanti gare shi.

Akwai wata hasara kuma da ba a cika lura da ita ba. A cikin addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, a Matiyu babi na 6, abin da ake roƙo na kowace rana «artos» ne, kalma guda da ta babinmu. A Hausa an fassara ta da «abinci», kuma daidai ne, domin babu wanda zai roƙi Allah gurasa kullum. Amma sakamakon shi ne, Kirista Bahaushe yana roƙon abu guda da safe, ana yi masa alkawarin wani abu dabam a Bisharar Yahaya, ba tare da kunnensa ya haɗa su ba. Mai Faransanci yana jin «pain» a wuraren biyu. Bamisire ma ya fi kowa sa'a, don a Larabcin Masar sunan gurasa «aish», wato rayuwa.

5. Me ya hana tuwo ko hura?

Wanda ya bi mu zuwa nan zai iya cewa: to, a sa tuwo mana, ko hura, a huta. Mun gwada wannan a kan ayoyin ɗaya bayan ɗaya, muka ga bai tafi ba.

Da farko, labarin yana bukatar abin da ake ƙirgawa, yaro ya ɗauko shi a cikin jaka, a rarraba shi da hannu, a tsince gutsattsarinsa a zuba a kwando. Ana iya ƙirga malmalar tuwo, amma tuwo ba ya tafiya sai da miya, kuma ba guzurin hanya ba ne. Hura ta fi dacewa ta fuskar matsayi, don ita ce cimar rana ta manomi da makiyayi a Gobir da Katsina da Adar, kuma dawo guzuri ne na gaske. Sai dai hura sha ake yi. Babin kuwa ya ware ci da sha, yunwa da ƙishirwa, kowanne da wurinsa, har a ƙarshe ya haɗa su. Idan abin ci ya zama abin sha, rabin tsarin ya narke.

Na biyu, mai fassara ba shi da izinin sauya abin da ya faru a tarihi. Mutanen Galili ba su ci gero ba. Idan aka sa musu tuwo a baki, an yi wa mai karatu ƙarya don a faranta masa.

Na uku, kalmar tana ɗaure da Jibin Ubangiji, inda ake kakkarya gurasa a ci. A Cocin Katolika, wanda ya kafa mishan ta farko a Yamai a 1931 kuma yake da dayosis a Maraɗi tun 2001, doka ta 924 ta kundin 1983 ta wajabta gurasar ta zama ta alkama zalla. Malaman tauhidi na Afirka sun daɗe suna tuhumar wannan. Jean-Marc Ela na Kamaru ya tada maganar a 1980, René Jaouen kuma ya rubuta littafi sukutum a 1995 a kan yiwuwar yin jibin da hatsi, bisa zamansa cikin Giziga na arewacin Kamaru. Wannan muhawara ba ta mai fassara ba ce, kuma bai kamata ya yanke ta a ɓoye ta hanyar zaɓen kalma ba.

Saura «abinci», ko «cimaka» kamar yadda muka fi faɗa a nan. Ita ba ta da aibin baƙunci, amma ta yi faɗi. Ba a ƙirga abinci biyar, ba a kuma ganin siffarsa a ido. Siffantawa tana rayuwa ne da abu takamaimai. Kalmar da ta fi kusa da ma'anar da muke nema ita ce «cima», wato abin da mutum ya dogara a kansa kullum, kamar yadda akan ce hatsi ne cimarmu, madara ce cimar Buzaye. Ita ma ba ta shiga labarin, amma za mu ga amfaninta a gaba.

6. Inda Hausa ta yi riba: «ci» da «ba da gaskiya»

Ba hasara kaɗai fassarar ta yi ba. Aikatau «ci» yana da faɗi a Hausa fiye da takwaransa na Faransanci. Ana cin kasuwa, a ci sarauta, a ci gado, a ci riba, a ci bashi, a ci amana. Bahaushe bai taɓa ɗaukar cewa duk ci da haƙori ake yin sa ba. Don haka idan babin ya jera zuwa wurin Yesu da gaskatawa da shi da cin gurasar a matsayin abu guda, kunnen Bahaushe a shirye yake. Wannan ita ce fahimtar da Agustin na Hippo, mutumin Afirka ta Arewa, ya bayar a ƙarni na biyar, cewa wanda ya gaskata ya riga ya ci.

Haka nan «bangaskiya». Masana sun lura cewa sunan da ke nufin imani a Girkanci bai fito ko sau ɗaya ba a Bisharar Yahaya, aikatau ne kaɗai yake fitowa, kusan sau 100. Wato a wajen marubucin, imani abu ne da ake yi. Kalmar Hausa ta zo daidai da wannan, domin a cikinta akwai «ba da» da «gaskiya». Mai bangaskiya miƙa wani abu yake yi. Idan aka aza wannan kusa da maimaita «bayarwa» da babin yake yi, Musa bai bayar ba, Uba yana bayarwa, Ɗa zai bayar, sai a sami amsa-amo da babu shi a Faransanci: ana ba mutum abinci, shi kuma yana ba da gaskiya.

Amma faɗin «ci» takobi ne mai kaifi biyu. Daga aya ta 51 zuwa ta 58 maganar ta koma ga cin nama da shan jini, kuma a nan Girkanci ya sauya zuwa wani aikatau mai nufin tauna. A Hausa cin naman mutum yana da ma'anoni biyu da suka riga suka zauna. Ɗaya gulma ce, bisa misalin da ke cikin suratul Hujurati. Ɗaya kuma maita ce, domin maye ne ke cin kurwar mutane. Shan jini kuwa haramun ne a Attaura da Alƙur'ani duka. Ba Hausawa ne suka fara jin wannan nauyi ba. A ƙarni na biyu an zargi Kiristan daular Rum da cin naman mutane, kuma babin da kansa ya ce masu sauraro na farko sun watse a kan wannan magana. Su kansu Kirista sun rabu a kanta. A taron Marburg na 1529, Zwingli ya riƙe aya ta 63 a matsayin hujjarsa a kan Luther cewa ci na ruhu ake nufi. Majalisar Trent a 1562 ta yarda cewa magabata sun fassara babin ta hanyoyi dabam-dabam. Rudolf Bultmann a 1941 har ya ɗauka cewa waɗannan ayoyi ƙari ne na wani hannu daga baya. Ra'ayinmu shi ne mai fassara ya bar tsaurin yadda yake. Sassauta shi zai sa juyawar almajirai a ƙarshen babin ta rasa dalili.

7. «Rai» da tsawonsa

Kalma ta uku ita ce «rai». Girkancin Yahaya yana da «psuke», ran da ake iya rasawa ko a ba da shi, da kuma «zoe», wadda ta fito sau 11 a babinmu, kuma ita ce ake haɗawa da dawwama. Hausa ta tara su cikin kalma guda. Idan aka ce «rai madawwami», mai sauraron da ya saba gai da manya da fatan ransu ya daɗe zai fara jin tsawon kwana, sannan ya ji Lahira. Duka biyu suna cikin babin, domin sau huɗu aka yi alkawarin tashi a ranar ƙarshe. Amma a ayoyi na 47 da 54 aikatau ɗin na yanzu ne: mai gaskatawa yana da wannan rai tun yau. Wannan shi ne abin da ya sa siffantawa da abinci ta dace. Abinci ba lada ba ne da ake jira bayan an gama aiki, da shi ake yin aikin, kamar yadda karin magana ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. To, idan gurasar ta zama abin marmari, ran ma sai ya koma tukuici na gobe. Kuskuren fahimtar kalma ta farko yana jan na ta biyu.

8. Karanta babin cikin yunwa

Wannan ba wasan kalmomi ba ne a ƙasar da ta ga farin 1973 zuwa 1974, ta ga yunwar 1984 zuwa 1985 da mutanen Maraɗi suka laƙaba wa El Buhari saboda rufe iyakar Nijeriya, ta kuma ga ta 2005, lokacin da aka koma ga anza da ganyayen daji a ƙauyuka da dama. A irin waɗannan shekaru ƙungiyoyin addini, na Kirista da na Musulmi, suna cikin masu rabon cimaka, kuma zargin sayen imani da buhu tsoho ne.

Babin yana da abin faɗa a kan wannan, muddin aka karanta shi a jere. An ciyar da taron tukuna, ba tare da an tambayi kowa aƙidarsa ba, har suka ƙoshi aka yi ragowa. Sai washegari ne aka gaya musu cewa ciki ne ya kawo su, aka kira su zuwa ga abin da ya fi shi. Daga nan kuma ba a ƙara raba kome ba, aka bar mai tafiya ya tafi. Mai wa'azin da ya ɗauki rabin farko kaɗai zai yi wa mutane alkawarin arziki, ya zama irin sarkin da Yesu ya gudu kada a mai da shi. Wanda ya ɗauki rabin baya kaɗai zai ce wa mayunwaci ya manta da cikinsa, alhali Bahaushe ya san yunwa sai a ba ta a huta. Karin maganar da ke cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, tana da daɗin ji ne a bakin wanda ya ci. Abin da ke riƙe rabin biyu wuri guda shi ne kasancewar kalma guda tana nufin cimar jiki da ta ruhu. Idan kalmar ba ta taɓa yunwar mai sauraro ba, to babin ya rabu biyu a kunnensa.

Maƙwabcinsa Musulmi ma ba baƙo ba ne ga jigon, tunda a suratul Ma'ida Hawariyawa sun roƙi Annabi Isa a saukar musu da kaɓaki daga sama. Aƙidun biyu sun sha bamban a kan wanene Isa, kuma babu fassarar da za ta shafe wannan. Amma fassara mai kyau tana sa kowa ya san ainihin abin da ake saɓani a kansa.

9. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna ba da shawarwari uku ga masu sake duba fassarar da masu koyar da ita. Na ɗaya, a bar «gurasa» a dukan wurare 21, domin igiyar babin ta fi kowace kalma guda muhimmanci, kada kuma a musanya ta da «burodi». Na biyu, a sa ɗan bayani a ƙasan shafi a aya ta 9 da ta 35, mai cewa gurasar sha'ir ita ce cimar talakawan wannan ƙasa kamar yadda hatsi yake a wurinmu, kuma ita ce kalmar da aka fassara da «abinci» a addu'ar Matiyu. Na uku, tunda yawancin masu sauraro da kunne suke karɓar matanin, bayanin ƙasan shafi ba zai kai gare su ba sai mai karantawa ya faɗe shi da baki. A nan ne hatsi da hura da rumbu suke da wurinsu, a cikin sharhi, inda ba su ɓata tarihi ba.

Muna sane da cewa wannan gyara ne na rabi, kuma mai fassara ba ya son dogara ga bayanin gefe. Sai dai akwai wuraren da harsuna biyu ba su da abu guda a cikin tukunya, kuma faɗin haka a sarari ya fi ɓoye shi. Aikin da ya rage shi ne a bi majami'un karkara na jihohin Maraɗi da Tawa, a saurari kalmar da masu wa'azi suke sakawa da kansu idan sun rufe littafin sun fuskanci jama'a. Muna kyautata zaton cewa sun riga mu gano matsalar, kuma abin da suke faɗa zai amfani kwamitin fassara na gaba.